Gidan waya da ƙofar gida: aikin Campost a arewa da inda rigimar unguwa take tasowa

A Garwa, a Marwa, a Ngaundere, garuruwan arewacin Kamaru, duk unguwar da zancen gidan waya ya taso ƙorafin ɗaya ne: an aiko wa mutum saƙo, an rubuta sunansa da unguwarsa, amma babu wanda ya kawo masa, har saƙon ya koma inda ya fito. Ma'aikacin kanta kuma amsarsa ba ta canzawa: ba mu san gidanka ba, kuma wanda ya aiko bai biya kuɗin kai wa ƙofa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan wannan rigima ta samo asali ne daga abu guda, wato mutane suna jiran a ƙwanƙwasa musu ƙofa, alhali an gina tsarin ne a kan akwati, mai saƙo shi ke zuwa ya ɗauka.

Campost ita ce hukumar gidan waya ta ƙasa. An kafa ta a 2004, ta gaji Sonaposte da asusun ajiya na gidan waya. Ita ce ke wakiltar Kamaru a ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, wadda aka kafa a 1874, hedikwatarta kuma tana Bern ta ƙasar Suwizalan. Amfanin sanin wannan shi ne, duk abin da aka jefa a gidan wayar Faransa ko Sin ko Saudiyya da sunan wani a Kamaru, hannun Campost zai faɗa, ko mai kayan ya so ko bai so ba. Shi ya sa ko wanda bai taɓa sayen kan sarki ba, ranar da ya yi odar kaya ta intanet sai ya tsinci kansa a gaban kantarsu.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, a duba lambar saƙon. Tana da haruffa biyu a farko, lambobi tara a tsakiya, sai haruffa biyu na ƙasar da aka aiko: CM Kamaru, FR Faransa, CN Sin. Harafin farko shi ne ke faɗin irin hidimar da aka biya. R na saƙon rajista ne, wanda sai an sa hannu ake bayarwa. C na babban ƙunshi ne, abin da ake kira koli. E na EMS ne, saƙon gaggawa. A cikin waɗannan, EMS ne aka tsara shi tun asali don a kai wa mutum inda yake. Wasiƙa ta yau da kullum akwati take shiga. Rajista da koli kuwa takardar sanarwa ake fitarwa, wadda ma'aikata ke kira avis, mai kaya ya zo da katinsa na shaidar ɗan ƙasa ya karɓa. To mutumin da lambarsa ta fara da R ko C, ya zauna gida yana jiran mai babur, zaman banza yake yi, kuma kwanakin ajiya suna ta tafiya. Rabin faɗan da ake yi a kanta zai mutu da an rubuta wannan bayani da manyan haruffa a bangon kowane ofis, da Faransanci da Fulatanci da Hausa. Rashin yin hakan gazawa ce ta hukumar, domin ba aikin talaka ba ne ya san ma'anar harafi.

Sai batun adireshi, wanda shi ne ƙashin bayan matsalar. Kamaru ba ta amfani da lambar yanki ta gidan waya irin ta Faransa. Shagunan intanet kuwa ba sa barin a wuce wannan gurbi babu komai, sai mutane su cike shi da sifiri biyar ko 237, lambar kiran wayar ƙasar, abin da ba ya nuna wa mai rarraba saƙo komai. Yawancin lungunan unguwanni ba su da allon suna, gidaje ba su da lamba, inda aka taɓa rubuta lamba da fenti ma damina da sabon yaɓe sun shafe ta. Mutum ya rubuta «Yelwa, Garoua» ko «Domayo, Maroua» ko «Baladji, Ngaoundéré», yana ganin ya gama kwatance. Kowace daga cikin waɗannan unguwa ce mai dubban mutane. Aboubakar nawa ne a Domayo? Hamadou nawa ne a Yelwa? Shi kansa mai gidan, idan zai buɗe asusu a banki ko zai nemi mitar wuta, sai an ce ya zana taswirar gidansa da hannu, daga mahaɗar hanya zuwa masallaci zuwa bishiyar dalbejiya. Abin da banki bai iya ganewa ba sai da zane, mai raba wasiƙa ba zai gane shi daga layi ɗaya a bayan ambulan ba.

Ko an gane gidan ma, akwai zaure. Gidanmu na Hausa da na Fulani ba a faɗa masa kai tsaye. Baƙo namiji zai tsaya a waje ya yi sallama, yaro ya fito ya ce Baba ya tafi kasuwa, sai la'asar. Lokacin aikin ofisoshin gwamnati kuwa daga bakwai da rabi na safe ne zuwa uku da rabi, daidai lokacin da maigida ba ya nan. Mai kawo saƙo yana da zaɓi uku, kuma kowanne yana haifar da ƙorafi. Ya miƙa wa yaro, takarda ta ɓace ko ta jiƙe, a ce ya yi sakaci. Ya bar wa mai shagon bakin layi, a ce ya tona asirin gida, domin kafin magariba an san cewa takarda ta zo daga kotu ko daga banki. Ya koma da shi ofis, a ce bai zo ba sam. A ƙa'ida na ukun ne daidai ga duk saƙon da ke buƙatar sa hannu, kuma muna goyon bayansa a kan haka. Inda muke ganin laifinsa shi ne idan ya juya bai bar wata shaida ba, bai kira waya ba. Idan saƙon na matar gida ne, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a aika takardar sa hannun zuwa cikin gida ta hannun yaro tare da neman katinta, a duba, a mayar. Ana yin haka lami lafiya idan an sanar da gidan tun da safe.

Wannan ya kawo mu kan kiran waya, wanda a yau shi ne ainihin adireshin kowa. Lambobin wayar hannu a Kamaru tara ne tun 2014, suna farawa da 6. Har yanzu akwai 'yan'uwa a waje da ke rubuta tsohuwar lamba mai takwas. Akwai kuma shagunan intanet da ke yanke ƙarshen layi idan ya yi tsawo, lambar ta fito guntu. Maganin wannan shi ne a rubuta lambar sau biyu, sau ɗaya a gurbinta, sau ɗaya a manne da suna, da +237 a gaba. Kuma lambar ta zama wadda take kunne, ba layin da ake sakawa sai za a karɓi kuɗi ba. Wani abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne a kira su a ce su fito mahaɗa su karɓa. Ga wanda aka biya wa EMS, yana da hakkin ya ce a ƙaraso. Amma a watan Agusta, lokacin da lungu ya zama taɓo, ko a Marwa idan mayo, wato kogi, ya kawo ruwa, fitowa bakin kwalta ya fi a mayar da kaya ofis a sake jiran wata rana. Wanda ya iya tura wurin da yake ta WhatsApp ya tura, ya rage wa kowa wahala.

Akwatin haya, BP, shi ne abin da ya fi aiki a duk hidimomin, kuma shi ne aka fi wulaƙantawa. Ana biyan kuɗinsa shekara-shekara, a ba ka lamba da mabuɗi. Wasiƙa tana shiga ciki, takardar sanarwar koli ma ciki take shiga. Matsalar ita ce a unguwanninmu akwati ɗaya yakan ɗauki mutum hamsin. Na wani Alhaji ne ɗan kasuwa, ko na makaranta, ko na ofishin da wani ɗan unguwa yake aiki, kowa ya ara ya rubuta. Shekaru suna tafiya, mai akwatin ya rasu ko a yi masa canjin wurin aiki, kuɗin haya ya tsaya, a rufe akwatin ko a ba wani. Mutanen unguwa ba su sani ba, suna ta bayar da lambar. Ko akwatin yana raye ma, mabuɗi ɗaya ne, yana aljihun mutum ɗaya, shi kuma sai ya yi wata bai leƙa ba. Takardar kiran jarrabawa ta kwana a ciki har ranar ta wuce, sannan a taso wa gidan waya da faɗa. A nan kam ba su da laifi ko kaɗan. Duk wanda zai yi amfani da akwatin wani, ya rubuta sunansa, sannan s/c, wato «ta hannun», da sunan mai akwatin, domin mai rarrabawa yana iya ƙin saka saƙon da sunan da ke kansa bai yi daidai da na mai haya ba. Kuma ya tambaya da bakinsa ko an biya na bana.

Unguwanni da dama sukan kawo shawarar a riƙa tara saƙonnin kowa a wuri ɗaya, gidan lawan ko jauro, wato masu unguwa, ko shagon da kowa ya sani. Shawarar tana da kyau a baki, kuma ga wasiƙun da ba su da nauyi tana aiki. Amma a nan ne rigima take sauya fuska, ta bar tsakanin unguwa da gidan waya ta koma tsakanin maƙwabta. Wani ba ya son a san ɗansa na waje ya aiko masa kaya. Wata ba ta son takardar asibitinta ta bi ta hannun maza a dandali. Ɗan haya baƙo ba ya cikin waɗanda jauro ya sani. Ga kuma tambayar da ba a cika yi ba sai abu ya ɓace: wa zai biya? Da zarar wani ya sa hannu a madadinka, a littafin gidan waya an bayar, alhakinsu ya ƙare. Idan unguwa ta nace sai ta yi wannan tsari, ga abin da ke sa ya ɗore. A kama akwati da sunan ƙungiyar unguwa, kada a sa sunan mutum ɗaya. A naɗa mutum biyu masu zuwa dubawa a ranaku sanannu, misali Litinin da Alhamis. A sayi littafi mai layi, kowane saƙo a rubuta ranar zuwansa, sunan mai shi, da sa hannunsa ranar da ya karɓa. A raba kuɗin haya da na ɗan kalando, wato mai babur ɗin haya, tun farkon shekara. Sannan a yi iyaka: wakilin unguwa takardar sanarwa kawai zai kawo, rajista da koli mai su ne zai je da ƙafarsa. Wanda ba zai iya zuwa ba, tsoho ko maras lafiya ko matar da ba ta fita, ya rubuta takardar wakilci ya sa hannu, a haɗa da kwafin katinsa da katin wakilin.

Suna ma yana hana mutum kayansa. A gida ana kiransa Babangida ko Ɗanlami, a kati kuma Oumarou ne. Ɗan'uwa a Kano zai rubuta Umar, A'isha, Muhammad, kati kuwa yana cewa Oumarou, Aïssatou, Mohamadou. Ma'aikacin da ya san ka zai iya kau da kai, wanda bai san ka ba yana da hujjar hanawa, kuma gara ya hana da ya miƙa wa wani kayanka. A tura wa mai aikowa hoton katin, ya kwafi sunan harafi da harafi.

Game da jinkiri, a yi adalci. Kayan waje ta kudu suke shigowa, Duwala ko Yawunde, a can ake buɗe buhuna a rarraba. Daga Yawunde zuwa Ngaundere sama da kilomita 600 ne ta jirgin ƙasa, kuma a nan dogo ya ƙare. Daga nan sai mota: kusan kilomita 280 zuwa Garwa ta gangaren dutsen nan, sama da 200 kuma zuwa Marwa, sannan hanyar Mora da Dabanga zuwa Kuseri wadda kowa ya san halinta. Nisa ba laifin kowa ba ne. Abin da ba mu yafe ba shi ne shirun da ke biyo baya. Mai bin lambar saƙonsa a intanet yakan ga an rubuta ya iso Kamaru, daga nan babu wani sabon bayani, alhali kayan suna iya kasancewa a kan kanta a garinsu. Saboda haka kada a dogara da allon waya. Bayan mako biyu da ganin ya shigo ƙasa, a je ofis da lambar a rubuce a takarda, a nemi a duba littafin isowa, kuma a tambaya a ofishin da ke kula da koli, domin ba kullum yake ɗaki ɗaya da kantar wasiƙu ba.

Kuɗin da ake nema a kanta shi ne abu na biyu da ya fi tayar da jijiyar wuya. Mutum ya sayi kaya an ce masa aikowa kyauta ne, ya zo an ce ya biya. Kuɗi iri biyu ne, kuma ya kamata a raba su. Na farko na gidan waya ne: dokokin UPU sun yarda a karɓi kuɗin gabatar da kaya ga duwan, wato kwastan, da kuɗin ajiya idan kaya sun wuce wa'adi. Na biyu na duwan ne, ba ya shiga aljihun Campost. Harajin shigo da kaya a ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, yana da matakai gwargwadon irin kayan, kayan da aka gama ƙerawa don amfanin yau da kullum su ne a matakan sama. A kan wannan ake ɗora TVA, wato harajin sayen kaya, kashi 19.25. Misali, kayan da aka ƙiyasta a sefa 20,000 a matakin kashi 30 cikin ɗari: haraji 6,000, TVA a kan 26,000 ya kama 5,005, jimla ta haura 11,000 kafin ƙananan kuɗaɗe. Wanda bai yi wannan lissafi kafin oda ba zai ga kamar zalunci ne. Ƙiyasin yana farawa ne daga takardar da mai aikowa ya manna, CN22 ga ƙananan kaya, CN23 ga manya. Idan an rubuta farashin da hankali ba zai ɗauka ba, jami'i zai yi nasa ƙiyasin, kuma ba kasafai yake yi wa mai kaya daɗi ba. A zo da shaidar biya a buga a takarda. Kowane kuɗi aka biya a karɓi rasit, na gidan waya daban, na duwan daban. Kuɗin da aka ce ba shi da rasit, a nemi ganin shugaban ofis cikin ladabi kafin a biya. A kuma duba ƙunshin a gaban ma'aikaci: idan a yage yake ko an sake naɗe shi, a sa a rubuta hakan kafin sa hannu.

Idan abu ya ɓace, wanda ya aiko shi ne ke da ƙarfin neman bincike, a ofishin da ya jefa shi, da rasit ɗinsa, cikin wata shida. Mai jira a Garwa yana iya yin ƙorafi, amma diyya galibi ta hannun mai aikowa take bi, kuma saƙon da ba shi da rajista ba shi da diyya. Mutane da yawa sukan ɓata watanni suna zirga-zirga a nan, alhali waya ɗaya zuwa ga mai aikowa ce za ta buɗe fayil.

To ina Campost ta fi, ina kuma aka fi ta? A tsakanin garuruwan arewa, kamfanonin motocin safa sun karɓe yawancin aikin, kuma dalilin a fili yake: ka kai kaya tasha da safe, a rubuta lambar wayar mai karɓa, ya je ya ɗauka da yamma ko washegari. Su ma ba sa kai wa ƙofa, amma ba wanda ke faɗa da su a kan haka, domin tun farko kowa ya san sharaɗin kuma suna kira. Darasin da gidan waya ya kamata ya ɗauka ke nan, kira ko saƙon waya ga kowane koli ranar da ya iso. Ga atamfa, kayan gyaran mota, ko buhun albasa, motar safa ta fi. Amma ga takardar da wata rana za a ce ka kawo shaidar ka aika, kamar takardun neman shiga gasar aikin gwamnati, takardun ɗalibi zuwa jami'ar Ngaundere da ke Dang ko ta Marwa ko sabuwar ta Garwa, sanarwar tashi ga ɗan haya, ko amsa ga kotu, rajistar gidan waya ce ke da hatimi mai kwanan wata da hukuma ke yarda da shi. A ƙara ɗan kuɗi a nemi katin shaidar karɓa, AR, wanda ke dawowa da sa hannun wanda aka ba. Shi ma katin akwati yake dawowa, don haka a rubuta BP mai rai a bayansa.

Masu aikawa waje su kula da abu biyu da ake yawan dawowa da su daga kanta. Turare mai sinadarin da ke kama wuta da na fesawa ba sa hawa jirgi a saƙon gidan waya. Kilishi kuma, duk daɗinsa, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigo da nama a ƙunshin mutum, za a ƙwace shi a can. Ƙaramin ƙunshi iyakarsa kilo 2, da ya haura ya zama koli, farashi ya canza, don haka a auna a gida kafin a liƙe.

Ga yadda adireshin da ke isa yake: layin farko suna kamar yadda yake a kati da lambar waya, layi na biyu s/c da sunan mai akwati idan na aro ne, na uku BP da lambarsa da sunan gari yadda ake rubuta shi da Faransanci, Garoua ko Maroua ko Ngaoundéré, na ƙarshe Cameroun. Idan EMS ne, a ƙara unguwa da alama ɗaya da ba ta gusawa, masallacin Juma'a, makaranta ko gidan mai, da lambar waya ta biyu ta wanda yake gida da rana. Wanda ba shi da akwati kuma ba ya son na aro ya sa a rubuta Poste restante da sunan garin, saƙon zai jira shi a kanta, ya riƙa leƙawa da katinsa sau ɗaya a mako.